Alkawarin da ke cikin lambobi uku

A watan Janairun 2022, wani ƙaramin laburaren manhaja mai suna colors ya tashi daga siga ta 1.4.0 zuwa 1.4.1. Aikinsa bai taka kara ya karya ba: sanya wa rubutu launi ne a baƙin allon da masu haɗa manhaja ke ba kwamfuta umarni, ja ga kuskure, kore ga abin da ya tafi daidai. Amma ana sauke shi sau miliyoyi a kowane mako, domin dubban wasu manhajoji sun jingina da shi. Bisa ƙa'idar da kusan kowa ya yarda da ita a wannan fage, sauya lambar ƙarshe daga 0 zuwa 1 na nufin faci kawai aka yi, ɗan gyaran da ba zai dagula wa kowa lissafi ba. Abin da ke ciki kuwa daban ne. Marubucin laburaren, wanda tun a 2020 ya bayyana cewa ya gaji da yi wa manyan kamfanoni aiki kyauta, da gangan ya saka umarnin da ke sa kwamfuta ta yi ta zubo tarkacen haruffa ba tsayawa. Manhajojin da aka girka ko aka sabunta a waɗancan kwanaki suka ɗauko shi da kansu, ba tare da idon ɗan Adam ya duba ba, har da wani kayan aiki na kamfanin Amazon.

An yi ta muhawara a kan ko mutumin yana da gaskiya a fushinsa. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya buɗe masa ƙofa. Ba mutum ba ne, lamba ce.

Kafin mu yi nisa, bari mu fahimci juna a kan abin da ake kira laburare a nan. Yau babu mai gina manhaja daga tushe. Manhajar banki da ke wayarka, da shafin da ake biyan kuɗin makaranta, da rajistar marasa lafiya a asibiti, duk an harhaɗa su ne da tubalan da wasu suka riga suka rubuta: wannan yana lissafin kwanan wata, wancan yana ɓoye kalmar sirri, wani yana aika saƙo. Kowane tubali kuma yana tsaye ne a kan wasu tubalan, har ƙaramar manhaja ta wayi gari da ɗaruruwansu a ƙarƙashinta. Bambancinsu da bulon siminti ɗaya ne, amma babba. Bulon da magini ya sa a bango yana nan yadda aka buga shi har ginin ya rushe. Laburare kuwa mai shi yana raye a wata ƙasa, gobe zai iya sake masa fasali. Dole ke nan a sami hanyar cewa wannan fitowar nake nufi, ba waccan ba, da kuma hanyar sanin ko sabuwar fitowa za ta zauna a gurbin tsohuwa.

Amsar da ta fi karɓuwa ita ce wadda Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta. Ana kiranta SemVer a taƙaice, wato lambar siga mai ɗauke da ma'ana, kuma rubutun ƙa'idar da ake aiki da shi yau na 2013 ne, shi ma da tasa lambar, 2.0.0. Tsarin ba shi da wuya. Lambobi uku ne, ɗigo na raba su, kamar 2.4.7. In ka gyara kuskure ba tare da ka taɓa yadda ake mu'amala da laburarenka ba, sai ka ƙara ta ƙarshe: 2.4.8. In ka ƙara sabon abu amma tsohon yana nan yana aiki, sai ka ƙara ta tsakiya: 2.5.0. In kuwa ka cire wani abu, ko ka sauya shi yadda wanda ya dogara da kai sai ya gyara nasa aikin, to babbar lamba ce za ta motsa: 3.0.0.

Kyan wannan tsari shi ne na'ura ma tana iya karanta shi, kuma nan ne alherinsa da sharrinsa suka haɗu. A npm, rumbun da masu rubutu da harshen JavaScript ke ɗauko laburare, in ka girka wani abu, tsarin da kansa yake rubuta maka lambarsa da 'yar hula a gaba, kamar ^1.4.0. Ma'anar hular ita ce na yarda da duk wata siga daga nan zuwa sama, muddin babbar lamba ba ta sauya ba. Manufar kyakkyawa ce: in an toshe wata ɓaraka a laburaren, gyaran zai iso gare ka ba sai ka je nema ba. Amma a aikace ka ba wa wani mutum da ba ka taɓa gani ba makullin shagonka, bisa sharaɗin cewa duk abin da ya shigo da shi zai liƙa masa lambar gaskiya.

To a nan ne nake ganin aka yi kuskuren fahimta. Ana kallon lambar siga kamar ma'auni, kamar sikelin da ke nuna nauyin buhu ko mutum yana so ko ba ya so. Alhali alkawari ne, mutum ne ya zauna ya yanke hukunci ya rubuta. Alkawari kuwa kaya ne, kuma mai ɗaukarsa yana iya ha'inci, yana iya mantuwa, yana kuma iya zama mai gaskiyar da bai san iyakar abin da ya ɗauka ba.

Na ukun nan shi ya fi yawa, shi ya kuma fi wuyar magani. Wani injiniya da ya yi aiki a Google, Hyrum Wright, ya lura da abin da yanzu ake kira da sunansa: in masu amfani da kayanka suka yi yawa, to ba abin da ka yi alkawari a rubuce ne kaɗai za su dogara da shi ba, duk wata ɗabi'ar kayan da ake iya gani sai an sami wanda ya gina aikinsa a kanta. A ce laburarenka yana fitar da jerin sunaye, ba ka taɓa cewa za su zo bisa tsarin haruffa ba, amma dai haka suke zuwa. Ranar da ka yi gyaran da ya sa jerin ya sauya, a wurinka faci ne, ba ka saɓa wa komai da ka rubuta ba. A wurin wanda takardar albashin ma'aikatansa ke fita bisa wannan jeri kuwa, ka rushe masa aiki. Wa ke da gaskiya? Dukansu. Masu harshen Go sun san wannan hali sarai, shi ya sa da gangan suka sa wani nau'in jerin bayanai a harshensu ya riƙa fitowa a hargitse kowane lokaci, don kada kowa ya saba da wani tsari har ya ɗauke shi alkawari.

Sannan akwai abin da lambar ba ta faɗa ko da an rubuta ta daidai. Tambaya ɗaya SemVer ke amsawa: shin sabon zai zauna a gurbin tsoho? Ba ta cewa komai a kan gaggawa. A Afrilun 2014, lokacin da aka gano ɓarakar da aka laƙaba wa suna Heartbleed a OpenSSL, laburaren da ke tsare sirrin wani babban kaso na shafukan intanet, bambancin sigar da ke zubar da sirri da wadda aka gyara harafi ɗaya ne: 1.0.1f da 1.0.1g. Wanda ya kalli lamba kawai zai ce ba abin tashi da dare ba ne.

Labarin Log4j ya fi wannan koyarwa. A Disambar 2021 aka gano cewa wannan laburare na harshen Java, wanda aikinsa rubuta abin da manhaja ke yi a kundi, ana iya yaudararsa da 'yar gajeriyar jimla ya buɗe wa baƙo kwamfuta gaba ɗaya. Masu kula da shi, waɗanda yawancinsu 'yan sa kai ne, suka fitar da 2.15.0. Gyaran bai cika ba, cikin kwanaki suka fitar da 2.16.0, inda suka cire siffar da ta jawo bala'in ɗungurungum, suka kuma kashe wata da a da take kunne. Bisa harafin ƙa'ida, cire abin da mutane ke amfani da shi aikin babbar lamba ne, ya kamata a kira shi 3.0.0. Ba su yi haka ba, kuma a ganina sun yi daidai. Duk ofishin da ya ga babbar lamba ta sauya, abin da yake yi shi ne ya ɗage sabuntawa sai an zauna taro, an ware lokaci. A makon da ɓarayi ke zagaya intanet suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, lambar da ta bi ƙa'ida sak da ta jawo asarar da ta fi ta saɓa ƙa'idar.

Waɗanda suka ƙi SemVer ba 'yan kaɗan ba ne, kuma ba ƙanana ba ne. Linus Torvalds ya kai zuciyar tsarin Linux daga 2.6.39 zuwa 3.0 a 2011 ba don wani gagarumin sauyi ba, sai don lambar ta yi masa tsawo. Haka 3.19 ta koma 4.0 a 2015, 4.20 ta koma 5.0 a 2019, 5.19 ta koma 6.0 a 2022. Ya sha yin barkwanci cewa da zarar yatsunsa na hannu da na ƙafa sun ƙare wajen ƙirga, sai ya sake babbar lamba. Ga duk wanda ya yi karatun SemVer, wannan sakarci ne. Amma wannan Torvalds ɗin ne ke da doka mafi tsanani a fagen: duk gyaran da ya hana wata manhajar mai amfani aiki, to gyaran ne ke da laifi, a janye shi, kuma ya sha yi wa manyan injiniyoyi kaca-kaca a bainar jama'a a kan haka. Ke nan aikin da lambarsa ba ta nufin komai shi ne ya fi kowa riƙe alkawarin da SemVer ke ƙoƙarin rubutawa da lamba. Amanar tana cikin halin masu aikin da tarihinsu na shekara talatin.

Python ma ba ya bin tsarin. A 3.12, wadda ta fito a Oktoban 2023, an cire distutils, wani tsohon sashe da laburare da yawa suka dogara da shi wajen girkawa, kuma lambar tsakiya kawai aka taɓa. Sai dai sun yi gargaɗi tun 3.10, shekara biyu kafin nan. Su nasu alkawarin na lokaci ne: ba za mu cire abu ba sai mun sanar da ku da wuri.

Wasu kuma kalanda suka kama. Ubuntu 24.04 na nufin Afrilun 2024, kamar yadda fitowarsa ta farko, 4.10, ke nufin Oktoban 2004. Wanda ya ji cewa uwar garken ofishinsu tana kan 16.04 ba ya bukatar injiniya ya gaya masa ta tsufa. Ga abin da ake girkawa a yi amfani da shi kai tsaye, wanda ke da wa'adin kulawa, ban ga tsarin da ya fi wannan ba. Haka ga kundin lokutan ƙasashen duniya da wayoyi ke saita agogo da shi, wanda ake laƙaba wa shekara da harafi kamar 2024a, domin abin da ake bukatar sani kawai shi ne ko na bana ne. Amma ga laburaren da wasu ke gini a kansa, kalanda ba ta amsa tambayar magini. Sanin cewa an fitar da abu a watan Maris bai gaya mini ko ginina zai tsaya ba.

Lambobin talla ba su cancanci dogon bayani ba. Slackware ya tsallake daga 4 zuwa 7 a 1999 saboda abokan hamayyarsa sun fi shi girman lamba, mutane suna zaton ya yi baya. Windows ba shi da 9. PHP ba shi da 6, domin an yi aikin an watsar bayan har an buga littattafai da sunan. Ni wanda ya fi burge ni shi ne Donald Knuth, wanda tun da manhajarsa ta tsara rubutu, TeX, ta kai siga ta 3, duk gyaran da ya yi sai ya ƙara adadi ɗaya daga lambar nan ta lissafin da'ira: 3.14, 3.141, har ta kai 3.141592653 a 2021. Ya kuma bar wasiyya cewa bayan rasuwarsa kada a sake taɓa ta, duk kuskuren da ya rage ya zama ɗabi'arta. Wasa ne na masanin lissafi, amma saƙon a fili yake: wannan abu ya nuna, ba zai ƙara girma ba, ku gina a kansa hankali kwance.

A cikin masu bin SemVer ɗin ma akwai maɓoya guda biyu. Ta farko sifili ce. Ƙa'idar ta ce muddin babbar lamba tana 0, ana cikin gwaji ne, komai na iya sauyawa, babu alkawari. An yi wannan sassauci ne don jaririn aiki, amma sai ga manya sun tare a ciki. React Native, wanda Facebook ya fitar a 2015 kuma ake gina manhajojin waya da shi a ko'ina, ya cika shekara goma yana kan sifili. Ban ce mugunta ba ce, amma wanda ke da dubban masu dogaro da shi ya ce har yanzu bai ɗauki alkawari ba, kamar mai shago ne da ya shekara goma yana ciniki yana cewa bai buɗe ba tukuna.

Maɓoya ta biyu ita ce babbar lambar kanta. Wasu sun ɗauke ta lasisi: tunda na rubuta 5.0.0, na fita haƙƙinku, kowa ya ji da kansa. Faɗin gaskiya kuwa ba ya biyan kuɗin gyara. Python 3.0 ya fito a Disambar 2008 da lambar da ba ta ɓoye komai ba, amma sai 1 ga Janairun 2020 aka iya daina kula da Python 2, shekara goma sha ɗaya na rarrabuwar kai da sake rubuta abin da a da yake aiki lafiya. Rich Hickey, mai harshen Clojure, ya yi jayayya a wata lacca a 2016 cewa abin da ya sauya har tsofaffin masu amfani ba za su iya aiki da shi ba, ya zama wani abu daban, sai a ba shi sabon suna. Harshen Go ya ɗauki kusan wannan ra'ayi: daga siga ta 2, babbar lamba tana shiga cikin adireshin laburaren, yadda tsoho da sabo za su iya zama a manhaja ɗaya, a yi ƙaura sannu a hankali.

Duk da waɗannan, ina nan a kan cewa mai rubuta laburare ya bi SemVer. Sauran tsare-tsaren ko dai ba sa cewa komai, ko suna amsa wata tambayar daban. Shi kaɗai ne ke tilasta wa marubuci ya tsaya kafin kowace fitowa ya tambayi kansa wa zan cutar da wannan gyara, kuma wannan tsayawar ita kaɗai ta isa dalili. Wani sashe na aikin ma na'ura tana iya yi: tsarin harshen Elm yana kwatanta sabuwar siga da tsohuwa, in ka cire abu sai ya ƙi karɓar ƙaramar lamba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar hular nan ta yanke hukunci ita kaɗai. Maganin yana nan tun tuni: fayil ɗin kulle, wanda npm ya fara samarwa da kansa tun 2017, yana rubuta ainihin sigar kowane tubali, yadda abin da aka gwada jiya shi ne za a girka gobe. Waɗanda suka yi aiki da shi yadda ya kamata ba su ma ji labarin colors ba sai a jarida. Go ya bi wata hanyar, yana ɗauko siga mafi ƙanƙanta da ta cika sharaɗi, don haka sabuwar fitowa ba ta shigowa sai an gayyace ta. Jinkiri ma yakan yi rana: a Maris na 2024, lokacin da Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya bi diddigin jinkirin kusan rabin daƙiƙa har ya gano ƙofar baya da aka dasa a xz 5.6.0 da 5.6.1, yawancin tsayayyun tsare-tsaren Linux sun tsira ne kawai saboda ba su kai ga ɗaukar sabuwar sigar ba.

Amma kada a ji haka a kulle a tafi barci. A 2017 aka sace bayanan mutum kusan miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka ta wata ɓaraka a Apache Struts, alhali an fitar da gyaranta tun watan Maris na shekarar, ba a dai girka ba ne. Mai buɗe ƙofa ga kowace sabuwar lamba yana cikin haɗari, mai toshe ta gaba ɗaya ma haka. Tsakaninsu akwai aiki na ɗan Adam: ya karanta bayanin sauyin da ya zo da sigar, ya gwada, sannan ya shigar. Aikin nan ba ya ƙarewa, kuma kuɗi ake biya a yi shi.

Nan ne maganar ta shafi wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba amma yana sa hannu a kwangilarta, shugaban makaranta ne, ko mai asibiti, ko darakta a ma'aikata. Akasari ana ba da aikin manhaja kamar aikin gini: a biya, a karɓi makulli, a yi sallama. Ga wanda ya fahimci abin da ke sama, ya kamata takardar kwangila ta nemi jerin duk laburaren da aka yi amfani da su tare da ainihin lambobinsu, a miƙa shi tare da aikin, a kuma faɗi sunan wanda zai riƙa duba su da abin da za a biya shi duk shekara. Ranar da aka sake sanar da wani abu irin na Log4j, cewa duk mai siga kaza zuwa kaza ya tashi tsaye, ofishin da ke da wannan jeri zai san matsayinsa cikin sa'a guda. Wanda ba shi da shi kuwa zai fara ne da neman lambar wayar ɗan kwangilar da ya yi aikin shekara huɗu da suka wuce.